Masaukai Uku a Dazukan Kenya da Tanzaniya: Abin da Mai Tafiya Shi Kaɗai Zai Tarar

Mutumin Bauchi idan aka ce masa masaukin gandun daji, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne sansanin Wikki da ke tsakiyar Yankari, da ɗakunansa ginannu, da motar zagaye da ke fita safe da yamma zuwa bakin kogin Gaji, da kuma ruwan ɗumin nan da yake zaune a kan kimanin digiri 31 rani da damina. A Gabashin Afirka tsarin ya sha bamban, domin a can masaukin da mutum ya zaɓa shi ne yake yanke masa motar da zai shiga, da mutanen da zai zauna da su a cikinta, da ɗan jagorar da zai bi, har ma da lokacin da za a bar shi ya fita. Na yi wannan tafiya ni kaɗai a watan Satumba ta hannun wani kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke Nairobi, wanda ya saukar da ni a masauki iri uku: babban otel ginanne a Amboseli, ƙaramin sansanin tantuna a yankin Masai Mara, da filin kafa tanti na gama-gari a Serengeti da bakin kwarin Ngorongoro. Hukuncin da na yanke shi ne, ga wanda ba shi da abokin tafiya, ƙaramin sansanin ne kaɗai ya cancanci kuɗinsa, duk da cewa shi ne ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba.

Kamfanin bai yi nauyin jiki wajen amsa saƙo ba. Duk tambayar da na aika ta WhatsApp ina samun amsarta kafin gari ya waye, kuma tun da wuri suka tunatar da ni katin rigakafin cutar shawara, da cewa kada in zo da tsofaffin takardun dala domin wurare da yawa ba sa karɓa, da kuma cewa an haramta leda a Kenya tun shekarar 2017, a Tanzaniya kuma tun 2019. Inda aka fara samun tangarɗa shi ne wajen farashi. A otel-otel ɗinmu ɗaki ake biya, ko mutum ɗaya ya kwana ko biyu, amma masaukan daji na can suna lissafi ne a kan kowane kai, bisa zaton cewa mutum biyu za su raba ɗaki. Wanda ya zo shi kaɗai sai a ɗora masa wani ƙarin kuɗi na gadon da ya bari babu kowa. Da na nuna wa yayana takardar farashin a shagonsa da ke kusa da kasuwar Wunti, sai ya dube ni ya ce, "Yanzu kai saboda Allah kuɗin mutum biyu za ka biya don ka je ka kalli zaki?" Na ce masa, "Yaya, bai kai na mutum biyu ba, amma ya kama hanya." Wannan ƙari ana iya ciniki a kansa, musamman a watannin Afrilu da Mayu da ake ruwa kuma baƙi suke ƙaranci, sai dai a Satumba babu mai saurarenka, domin gadajen ma ba sa isa.

Amboseli ƙaramin gandu ne a kudancin Kenya, faɗinsa murabba'in kilomita 392, wato bai kai kashi ɗaya cikin biyar na Yankari ba, wanda yake da kimanin 2,244. Abin da ya ɗaukaka shi giwaye ne da kuma dutsen Kilimanjaro, mai tsawon mita 5,895, wanda yake cikin ƙasar Tanzaniya amma daga nan aka fi ganinsa sarai. Ruwan da ke gangarowa daga dutsen ta ƙarƙashin ƙasa shi ne yake ɓullowa ya zama fadamun da giwayen suke wuni a ciki, kuma tun shekarar 1972 masu bincike suke bin dangogin giwayen wurin ɗaya bayan ɗaya. Otel ɗin da aka ajiye ni ba shi da abin kushewa ta fuskar gini. Ɗakin yana da tsabta, an ɗaura gidan sauro yadda ya kamata, ruwan zafi yana zuwa daga famfo, intanet tana aiki a zauren baƙi, kuma an zagaye harabar da waya mai wuta ta yadda mutum zai iya takawa da dare ba tare da ɗan rakiya ba.

Matsalar ita ce an tsara wurin ne don ayari. Baƙin suna zuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da direbansa da teburinsa, ni kuwa aka ba ni ɗan teburi mai kujera ɗaya a gefen ginshiƙi, kusa da ƙofar da ma'aikata ke shige da fice da faranti. A mota aka haɗa ni da wani iyali masu yara ƙanana, mutanen kirki ƙwarai, amma da zarar yaran sun gaji sai a juya gida, ko da kuwa a lokacin ne garken giwaye ya fara ketare hanya. Wanda yake shi kaɗai a cikin irin wannan mota ba shi da ta cewa, kuma ban ga laifin direban ba, tunda ya san inda yawancin tukuicinsa zai fito. Batun abinci ma yana buƙatar lura. Ana jera shi ne kowa ya ɗiba, kuma da safe naman alade yana kan tanda ɗaya da ƙwai, da cokali ɗaya ake juya su. Da na yi wa mai dafa abincin bayani bai yi musu ba, ya ɗauko wani kasko daban ya soya mini, haka kuma ya riƙa yi ba tare da na sake tuna masa ba, amma da ban tsaya na duba ba babu wanda zai gaya mini, alhali kamfanin ya san abin da nake ci tun kafin in taso.

Daga nan aka mayar da ni Nairobi, na hau ƙaramin jirgi daga filin jirgin sama na Wilson zuwa Mara, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, maimakon awa biyar zuwa shida ta hanyar Narok. Jiragen nan ba sa ɗaukar wa mutum fiye da kilo 15, kuma a jaka mai laushi, don haka mai babbar akwati sai ya bar ta a gari. Sansanin ba a cikin gandun gwamnati yake ba, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,510 kuma yake ƙarƙashin hukumar yankin Narok. Yana cikin ɗaya daga filayen da ke maƙwabtaka da gandun, waɗanda masu sansanoni suke karɓar haya daga hannun 'yan ƙabilar Masai masu ƙasar suna biyansu wata-wata, irin su Mara North da aka kafa a 2009 da Naboisho da ta biyo baya a 2010. Amfanin wannan tsari ga baƙo a fili yake. An ƙayyade yawan gadaje da yawan motocin da za su taru a kan dabba ɗaya, an kuma yarda a fita da dare ko a taka da ƙafa tare da ɗan jagora, abubuwan da ba a bari a cikin gandun kansa.

Tantunan sansanin ba su kai goma ba, kuma kalmar tanti kada ta sa mai karatu ya zaci ƙunci. Ɗaki ne sosai na tamfol mai kauri a kan dandamalin katako, da gado babba, da teburin rubutu, da makewayi na zamani a bayan labule, tagoginsa kuwa raga ce da ake rufewa da zif. Babu katanga, babu waya. Da zarar rana ta faɗi ba a yarda baƙo ya fito shi kaɗai ba, sai ya haska tocila ko ya yi magana ta oba-obar da aka ajiye a gefen gado, sannan mai gadi Bamasai ya zo riƙe da mashi, yafe da jan mayafinsa, ya raka shi. A dare na farko na ɗauka al'ada ce kawai ta burge baƙi, har sai da mai gadin ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya dafa mini kafaɗa, ya karkata hasken tocilarsa zuwa hagu, inda wani tsohon ɓauna yake tsaye yana tuƙa a nisan da bai wuce tsawon mota uku ba. Bai ce uffan ba, ya ja ni muka zagaya ta bayan ɗakin girki.

Wanka a nan sai an yi oda. Mutum zai faɗi lokacin da yake so, sai wani ma'aikaci ya dafa ruwa, ya sirka, ya zuba a wani bokitin tamfol mai cin kimanin lita ashirin, ya ja shi sama da igiya a bayan tantin, sannan ya ɗaga murya ya ce an shirya. A ciki akwai ɗan marfi da ake murɗawa ruwan ya sauko, kuma wanda ya saba wanka da bokiti ɗaya a gida zai gama ya bar saura. Wutar sola ce, tana isar fitila da cajin waya, amma ba ta ɗaukar dutsen guga. Da yake ƙasar tudu ce, sama da mita 1,500 daga doron teku, sanyin asuba yana shiga ƙashi kamar tsakiyar hunturu a Jos, shi ya sa kowane dare nake tarar da gorar roba cike da ruwan zafi a ƙarƙashin bargo.

Abin da ya fifita sansanin a wurina shi ne teburin cin abinci. Guda ɗaya ne dogo, kowa a kansa yake zama, har da manaja da 'yan jagora, saboda haka babu wanda ake warewa gefe don ya zo shi kaɗai. A daren farko na san sunan kowa, kuma a nan ake tsara fitar gobe, ana tambayar kowane baƙo abin da yake son gani. Motar buɗaɗɗiya ce, ba a cika ta, kowa yana da gefensa. Ɗan jagorarmu haifaffen yankin ne, mahaifinsa yana cikin masu karɓar kuɗin hayar filin, kuma ya san zakunan wurin da tabon fuskokinsu. Wata safiya ya kashe mota a gindin wata bishiya ya ce mu jira, domin ya lura barewa sun daina kiwo sun zuba wa wani kwazazzabo ido. Muka zauna har shayin da ke cikin fulas ya huce, wani Bature ya fara ƙorafi, sannan damisa ta fito tana jan ɗan gadu a baki, ta hau bishiyar da muke ƙarƙashinta ta saƙale shi a reshe. Mota biyu ce kawai a wurin.

Ta fuskar addini ma sun fi kowa kiyayewa. Tun isowata manajar ta ce an sanar da ita, naman da za a ba ni daga mahauta Musulmi na Nairobi aka sayo shi, kuma tukunyata daban ce. Na zo da butata da sallayata, abin da nake ba kowa shawara ya yi, domin babu ɗaya daga cikin masaukan ukun da ya tanadi buta, takarda kawai ake ajiyewa. Alƙibla a can tana wajen arewa ne, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas, kuma agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Da suka fahimci ina tashi kafin asuba, sai mai kawo shayi ya riƙa haɗo mini da ruwan ɗumi na alwala ba tare da na roƙa ba. Abu ɗaya da bai yi mini daɗi ba shi ne farashin ya haɗa da giya, wadda ake fitowa da ita kowace yamma idan an tsaya kallon faɗuwar rana. Wanda ba ya sha yana biyan kuɗin abin da wasu suka sha ke nan, kuma da na ɗaga maganar sai aka ce mini farashin dunƙule yake, ba a ɓantarewa.

A nan ne kuma kamfanin ya yi mini abin da na fi jin haushi. Watan Satumba lokaci ne da dabbar nan mai gemu da Suwahili suke kira nyumbu, fiye da miliyan guda, tare da jakunan dawa, suke yankin Mara da arewacin Serengeti suna ketare kogin Mara, inda kadoji suke jiransu. Mashigun kogin da aka fi zuwa kallo suna cikin gandun gwamnati, kuma tun daga 2024 kuɗin shigar baƙon da ba mazaunin ƙasar ba dala 200 ne a rana daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 kuma daga Janairu zuwa Yuni. Takardar da kamfanin ya aiko mini ta ce an biya kuɗin shiga duka, ashe na filin haya kawai suke nufi. Sai da daddare, ana gobe za mu tafi kogin, manajar ta sanar da ni cikin jin nauyi cewa sai na biya daga aljihuna. Na biya, domin ba zan zo har nan in koma ban ga ketarewar ba. A bakin kogin kuwa na ga bambancin wuraren biyu, motoci sun yi sahu ƙofa na gogar ƙofa, direbobi suna yi wa juna ihu, har wasu suka tare wa dabbobin hanya suka sa garken ya fasa ya koma.

Zuwa Tanzaniya ta mota aka kai ni, ta kan iyakar Isebania, inda aka sauya mini mota da direba domin motocin yawon buɗe ido na Kenya ba sa shiga gandayen Tanzaniya. Hanyar doguwa ce mai gargada da ƙura, kuma a wasu wurare ƙudan tsando yana damun mutum, musamman mai baƙar riga ko shuɗiya. Serengeti kuwa girmansa ya wuce misali, kusan murabba'in kilomita 14,750, kuma tun 1951 yake gandun ƙasa. Filin da muka sauka a yankin Seronera na gama-gari ne, kowane kamfani yana zuwa da tantunansa da mai girkinsa ya kafa, akwai makewayi da wurin wanka na haɗaka, ɗakin girki da na cin abinci kuma an lulluɓe su da ragar ƙarfe saboda kuraye da birai. Wanda ya taɓa barin ƙofa a buɗe a Wikki ya san aikin gwaggon biri, to na can ma halinsu ɗaya, kuma kurayen suna ɗauke takalmin da aka bari a waje.

Wannan shi ne mafi araha, kuma ba a ɗora mini ƙarin kuɗin kaɗaici mai yawa ba, tunda tantin ɗan ƙarami ne. Mai girkinmu Musulmi ne daga bakin teku, ya iya shinkafa da kayan ƙamshi, kuma a kan risho biyu yake fitar da abincin da ya fi na babban otel ɗin Amboseli ɗanɗano. Da shi muke jam'i. Sai dai kayan kwanan da kamfanin ya tanada sun tsufa. Katifar siririya ce, bargon da ake shiga ciki a ja zif ya saki, zif ɗin tantin kuma yana cijewa a tsakiya, abin da ba wasa ba ne a wurin da kura take shinshina tamfol da tsakar dare. A Seronera ana iya jurewa, amma a bakin kwarin Ngorongoro, inda tudun ya haura mita 2,200 kuma hazo yake sauka tun magariba, kusan a zaune na kwana da duk rigunan da na zo da su a jikina. Kwarin kansa, mai zurfin kimanin mita 600, ya biya wahalar, domin a nan na ga karkanda, amma da idon da bai samu barci ba na gan ta. Mai shekaru, ko mai ciwon baya, ko mace da ke tafiya ita kaɗai kuma ba ta son bin duhu zuwa makewayin haɗaka, ban ga dalilin da zai sa su zaɓi wannan tsari don rage kuɗi ba, gara su rage kwanakin tafiyar.

Akwai kuma tukuici, wanda ba ya cikin kowace takarda amma kowa yana sa ransa. Direba yana da nasa, mai girki yana da nasa, a sansani kuma akwai akwatin da ake sakawa a raba wa masu gadi da masu ɗebo ruwa. Iyali ko ayari suna haɗawa ne su bayar, shi kuwa mai tafiya shi kaɗai nauyin yana kansa, don haka ya ware masa kaso tun daga gida, a ƙananan takardun dala ko kuɗin ƙasar.

Wasu abokai daga Gombe sun tambaye ni ko ya kamata mutum ya fara da irin wannan doguwar tafiya. Abin da na ce musu shi ne, wanda bai taɓa kwana a daji shi kaɗai ba ya fara gwadawa a gida, tunda Yankari tana kan hanyarsu ta zuwa Bauchi, a ratse daga Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, kuma tun 1962 take karɓar baƙi. Tsakanin ƙarshen Disamba da Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe kuma namun daji suke taruwa a bakin Gaji, mutum zai gane ko zaman jiran dabba na awa biyu cikin shiru abu ne da ransa yake so, kafin ya je wurin 'yan canji neman dala.

Bayan na dawo na rubuta wa kamfanin a kan abubuwa biyu, kuɗin shiga gandun Mara da kayan kwanan Tanzaniya. A kan na biyu sun ce kayan na wani kamfani ne da ke garin Arusha na Tanzaniya wanda suke ba aiki, kuma za su yi masa magana. A kan na farko sun ba da haƙuri, sun amince cewa rubutun takardar bai fito fili ba, amma ba su mayar da kuɗin ba, sai dai suka yi alkawarin cire mini ƙarin kuɗin kaɗaici idan na sake zuwa a watan Mayu. Duk wanda zai yi hulɗa da irin waɗannan kamfanoni ya nemi a rubuta masa sunan kowane gandu da kuɗin shigarsa a layinsa daban, da yawan mutanen da za su zauna a motar, da kuma sunan kamfanin da zai karɓe shi idan ya tsallaka iyaka, kafin ya tura kafin alƙalami.